Ƙullin da Na Ƙara a Igiyar Kaka

Kakata ba ta iya karatun boko ba, amma ta fi shekara talatin tana zuwa makarantar firamare kullum babu fashi. Nakan tsokane ta in ce, "Tsohuwa, duk ƙasar Suleja babu wanda ya kai ki maimaita aji. Har yau ba a ciyar da ke gaba ba." Sai ta harare ni ta ce, "Ja'ira, ai in na wuce gaba makarantar rushewa za ta yi."

Aikin da aka ɗauke ta shara ne. Sai dai ban san ranar da ta tsaya a kan shara kaɗai ba. Ita ce mai cika randunan ruwan sha, ita ce mai wanke wa 'yan aji ɗaya wando idan abin da ba a faɗa ya faru, ita ce mai raba faɗa, ita ce kuma mai buga ƙararrawa. Ƙararrawar tamu wani tsohon wilin mota ne da aka rataye a bishiyar mangwaro. Idan Kaka ta maka masa ƙarfe, na rantse har Dutsen Zuma sai ya amsa, mutanen Madalla kuma su duba agogonsu su gyara. A unguwa ma haka take. Ba a haihuwa sai ta yi wankan jariri, ba a biki sai ta tsaya a kan tukunya, kuma idan kwata ta toshe da damina za ka gan ta ta ɗaure zani tana ba samari umarni kamar ita ta haifi ruwan saman. Kowa Iya yake ce mata, har Hedimasta mai furfura. Ni kaɗai nake ce mata Tsohuwa in kwana lafiya, don jika ce ni, ta wajen uba.

Amma abin da aka fi sanin ta da shi igiya ce.

A unguwarmu yawancin iyaye a Abuja suke aiki. Ana idar da sallar asuba suke fita neman mota, don in ka makara cunkoson hanya zai riƙe ka har gemu ya fito maka. Babana ma haka yake, akwai lokacin da na fi sanin takalminsa da ke bakin ƙofa fiye da fuskarsa. To tsakaninmu da makaranta akwai babban titi, mai tankokin mai da tireloli da 'yan acaba waɗanda suke tuƙi kamar an ce musu yau duniya za ta tashi. Tun kafin a haife ni Kaka ta ga yadda yara ke tsallaka titin nan su kaɗai, ranta bai kwanta ba. Ta kwance tsohuwar igiyar gugan gidanmu, ta ƙuƙƙulla ta, taku guda tsakanin ƙulli da ƙulli, ta bi gida-gida tana cewa a ba ta yara. Babu wanda ya sa ta, babu kuma abin da ake ba ta sai sannu.

Dokar igiya ba ta da yawa. Kowane yaro da ƙullinsa. Idan aka kawo sabo, a gaban uwarsa Kaka za ta yi bisimilla ta ƙulla masa nasa. Ranar da ya gama aji shida ko iyayensa suka tashi, a gabansa za ta kwance. Ba ta ƙirga yara da baki. Kan igiyar take ɗaurewa a ƙugunta, ta waiwaya ta bi ta da kallo. Idan kowane ƙulli da hannu a kansa, sai ta ce, "Mu je." Idan ta ga ƙulli babu hannu, ko gobara ake yi ba za ta ɗaga ƙafa ba. Takan ce kai yana mantuwa, amma igiya ba ta san mantuwa ba.

Jirgin Iya ake ce mana. 'Ya'yan Hausawa, 'ya'yan Gwarawa, tagwayen wata Ibo mai shagon kayan masarufi, ɗan wani Bayarabe mai gyaran janareto, duk a igiya ɗaya. Idan muka iso bakin titi, Kaka tafin hannu kawai take ɗagawa. Direban tankar da ko rami ba ya taka wa birki sai ka ji ya ja, ya leƙo yana cewa, "Iya, a wuce lafiya!" Mu kuwa mu ratsa a jere kamar 'yan agwagi, har da masu yi wa direba gwalo.

Shekarar da nake aji shida ni ce a wutsiya, wato ƙarshen igiya, wurin babba. Muƙami ne ba ƙarami ba. Ni ke tsawata wa mai jan ƙafa, ni ke ɗauko takalmin da ya fita. Yadda nake tafiya a lokacin, ka ce gwamna aka ba ni.

Wata Alhamis da damina Kaka ta zubar mini da mutuncin nan gaba ɗaya. Mun iso ƙofar makaranta, 'yan ajinmu duk suna tsaye, sai ta kamo haɓata.

"Ƙawata, yau da ruwa kika gaisa kuwa? Ji kwantsa kamar an zuba miki dawa a ido."

Kafin in kuɓuce ta lashi bakin mayafinta ta goge mini ido, ɗaya bayan ɗaya, a gaban duniya. Ban kai ga zama a aji ba an riga an raɗa mini suna Jaririyar Iya. Wani mai kunne kamar faranti har da miƙo mini murfin biro wai in tsotsa. Na zauna ina huci, na ce wallahi sai na rama.

Da aka fita tara na zagaya sito, inda take ajiye tsintsiya da bokiti. Igiyar tana rataye a ƙusa. Na sha ganin yadda take ƙulli, don haka na nemi tsakiya, tsakanin ƙullin tagwaye da na wani ɗan aji ɗaya mai yawan majina, na ƙara guda. Na ja shi da haƙori, na shafa masa ƙasa don ya yi duhu kamar sauran. Abin da nake so kawai in ga ta rikice na minti biyar, in yi dariya, in kwance.

Aka tashi. Kowa ya kama nasa. Kaka ta ɗaura igiya a ƙugu, ta waiwaya, bakinta har ya buɗe zai ce mu je, sai ya tsaya a buɗe.

"Na wane ne wannan?"

Yara suka kalli juna. Na ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce.

"Na ce na wane ne? Kai mai majina, wa ke gabanka?"

"Tagwaye, Iya."

"Tagwaye, wa ke bayanku?"

"Mai majina, Iya."

Ta kwance igiyar daga ƙugunta ta damƙa mini. "Riƙe su. Ko kaza ce ta motsa, ke zan tambaya."

Ranar na ga gudun da ban san yana jikin tsohuwa ba. Ta shiga aji ɗaya ta leƙa ƙarƙashin kowane benci. Ta buɗe banɗaki. Ta ɗaga kai tana duba rassan mangwaro. Ta buɗe randa, wallahi randa, kamar yaro zai shiga ya zauna ya rufe kansa. Malamai suka fito, mai gadi ya bar abincinsa, Hedimasta ya ɗauko rajista yana kiran suna har da na waɗanda suka riga suka tafi gida. Ni kuwa a wutsiya cikina har ciwo yake don dariyar da nake haɗiyewa. Sai da na ga ta nufi tsohuwar rijiyar bayan makaranta, ta durƙusa a kan murfin siminti tana kara kunne, sannan dariyar ta ƙare. Na so in yi magana. Na kalli Hedimasta, na kalli bulalar da ke hammatarsa, na fasa.

"Iya," in ji Hedimasta, "yaran nan sun cika. Ƙila kin ƙulla ne kin manta."

"Ban taɓa ƙulli babu yaro ba, Malam."

Da kyar aka lallashe ta muka tafi. Ta miƙa kowa ƙofar gidansu, sannan ta sake bin gidajen daga farko tana tambaya ko akwai wanda bai dawo ba. Uwar tagwaye ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Iya, nawa biyu ne o, ga su can suna cin shinkafa. Abi kina so ki ƙara mini ɗaya? Ba na so, waɗannan ma sun ishe ni!" Kowa ya yi dariya. Kaka ba ta yi ba.

Na yi niyyar kwancewa a ɓoye, amma ta shige da igiyar ɗakinta, abin da ba ta saba ba. Ranar ko rabin tuwonta ba ta ci ba, ita da take cewa mai barin tuwo bai san darajar dawa ba. Da safiyar Juma'a ƙullin yana nan babu hannu. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce mu je, kuma muryar ba tata ba ce. A bakin titi ta ɗaga hannu, ta sauke, ta sake waiwayowa ta duba mu har sau uku. Direbobi suna ta hon. Ban taɓa ganin Kaka tana shakkar titi ba sai ranar.

Bayan la'asar ina tsakar gida ina wanke kwanuka na ji tana yi wa Ummata magana.

"Kaina ya fara yoyo. Da hannuna na ƙulla wa wani yaro, na karɓe shi daga hannun uwarsa, yau ko fuskarsa ba na gani. Wadda ta manta yaro a igiya, gobe a tsakiyar titi za ta manta shi."

"Haba Iya, kuskure ne kawai."

"Da 'ya'yan mutane ba a kuskure. Ki gaya wa iyayensu, daga Litinin kowa ya nemi mai tsallakar masa da nasa. Na ajiye."

Kwanon da ke hannuna ya faɗi. Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Mata suka riƙa shigowa suna roƙo. Wata mai sayar da abinci a Gauraka, wadda take fita tun duhu bai gama washewa ba, ta ce in Iya ta ajiye igiya to sai dai 'ya'yanta uku su zauna a gida, don ba za ta bar su su tunkari titin nan su kaɗai ba. Kaka ta saurari kowa, ta ba kowa haƙuri, ba ta canza ba.

Ni kuwa na shiga lissafi. In na faɗa, Umma za ta fara, Baba ya dawo daga Abuja ya ɗora, Litinin Hedimasta ya rufe taro a gaban asambuli. Na ga gawata, na ga masu zaman makoki, har na ga mai kunnen faranti yana cin shinkafar sadakata yana neman ƙari. In kuma na yi shiru, jirgin Iya ya tsaya ke nan, kuma Kaka za ta ƙarasa rayuwarta tana neman fuskar yaron da babu shi.

Ranar Asabar da hantsi na same ta a bakin rijiya. Ta wanke igiyar da sabulu, tana naɗe ta a gwiwar hannu za ta saka a akwati. Ba ta kwance ko ƙulli ɗaya ba. Na tsaya daga nesa, inda na auna tsintsiya ba za ta iso ba.

"Kaka."

Ta ɗago da sauri, don in na ce Kaka ba Tsohuwa ba, to akwai magana.

"Ƙullin nan... ba ki manta kowa ba. Ni na ƙulla."

Ta daina naɗe igiyar.

"Sake faɗa."

"Ni na ƙulla, ranar Alhamis, a sito. Don kin goge mini ido da miyau a gaban 'yan ajinmu."

Ta warware igiyar a hankali har ta kai wurin. Ta kawo shi kusa da idonta, ta juya shi, ta gwada da na kusa da shi.

"Ƙullin bahago," in ji ta. "Na ga ya karkace. Na ce ko hannun nawa ma ya fara tafiya ne." Ta kalle ni. A gidanmu kaf ni kaɗai ce bahaguwa.

Na rufe ido ina jiran saukar tsintsiya. Sai na ji guɗa. Guɗa irin ta kai amarya, wadda ta sa Umma ta fito da gudu da muciya a hannu, maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Kaina lafiya!" Kaka tana taka rawa da igiya a wuya. "Jama'a, kaina lafiya lau! Ba ni ce na lalace ba, jikata ce!"

Ta faɗi a kan tabarma tana dariya har da hawaye, ta yi hamdala ta fi sau goma, ta ce Umma ta ɗumama mata tuwon jiya da na shekaranjiya duk a haɗa. Umma da ta gane zancen ta yo kaina da muciya, Kaka ta tare. "Bar mini ita. Tsakanina da ƙawata ne."

Na ji daɗi, na ɗauka na tsira. Na matso da fara'a na kai hannu zan kwance ƙullin. Ta buge mini hannu.

"Wa ya ce ki taɓa? A igiyar nan ba a kwance ƙulli sai mai shi ya gama aji shida ko ya tashi. Ke kika ƙulla, ke za ki nemo mai shi. Kafin nan, ke za ki riƙe."

"A tsakiya? Cikin 'yan aji ɗaya?"

"Ai Jaririyar Iya ce ke, na ji labari."

Da bulalar Hedimasta aka yi mini da ya fi sauƙi. Litinin aka ba ɗan aji biyar da ke gabana wutsiyata ya haɗa da ƙullinsa, ni kuma aka saka ni tsakanin tagwaye da mai majina. Na yi musu tsawo kamar turken lantarki a gonar gyaɗa. Dole in riƙa tafiya a duƙe. Mai majina ya mai da bayan rigata hankicinsa. 'Yan acaba suna nuna ni, mai shayin bakin titi ya tambayi Kaka ko wannan sabuwar ɗalibar a aji ɗaya aka haife ta da tsawonta. Kaka ta ce, "Eh, ba ta da wayo ne, muna dai fata."

Na shiga farautar yaro kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Duk ɗan da na gani a unguwa sai in tare shi in ce, "Kai, kana makaranta?" Har yara suka fara gudu in sun hango ni. Wata uwa ta aiko a tambayi Umma ko lafiya nake.

Tafiyar duƙe ɗin ce ta taimake ni. Akwai wani gidan haya mai ƙofar kwano a kan hanyarmu, ƙasan ƙofar ya ɗan ɓule. Ina wutsiya kaina a sama ban taɓa lura ba. Yanzu da nake ƙasa-ƙasa, kullum muka zo wucewa sai in ga idanu biyu a ɓulin suna bin mu. Ranar Laraba da yamma na je na yi sallama. Baƙi ne, watansu biyu da zuwa daga arewa. Maigidan yana aikin gini a Abuja, sai ƙarshen mako yake kwana a gida. Matar ba ta san kowa ba, ga goyo, ga tsoron titi, ta ce ranar da suka iso ta ga yadda motoci ke wucewa ta rantse 'yarta ba za ta taka shi ba. Yarinyar shekararta bakwai, tana laɓe a bayan zanin uwarta.

Na buɗe baki na zuba. Na ce kakata in ta ɗaga hannu har jirgin sama tsayawa yake. Na ce shekara talatin ko farcen yaro bai taɓa karyewa a igiyarta ba, wannan kam gaskiya ne. Na ce akwai ƙulli da aka tanadar wa 'yarta musamman tun makon jiya, wannan ma in an duba ba ƙarya ba ce. Matar ta yi dariya ta ce in turo kakar tawa. Kaka ta je, suka yi hira har ta yi wa jaririn wanka kafin ta fito. Da maigidan ya dawo ranar Asabar ya amince, Kaka ta kai maganar wurin Hedimasta da kanta.

Litinin yarinyar ta fito da sabon yunifom da ya yi mata yawa. Kaka ta kawo ta tsakiya, ta cire hannuna daga ƙullin, ta yi bisimilla ta ɗora nata.

"Wannan naki ne. Ya ɗan karkace, wadda ta yi shi ma haka take."

Ta waiwaya ta bi igiyar da kallo daga ƙugunta har wutsiya, inda na koma ina miƙe baya. Kowane ƙulli da hannu a kansa.

"Mu je," in ji ta, da muryarta ta da.

Shekara uku ta ƙara tana jan jirgin kafin gwiwa ta zaunar da ita, kuma ko a zaune sai an biyo da su ta ƙofar gidanmu ta duba igiyar da idonta. Bara Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. A wurin gaisuwa na ga ƙarti masu gemu, wani direba, wata malamar asibiti, kowa yana gardamar a ina ƙullinsa yake, wai shi ne na uku daga gaba, wai a'a ita ce. Na ce su yi haƙuri, duk an kwance nasu tuntuni.

Yanzu matan unguwa ne ke karɓa-karɓa, uwar tagwaye ranar Talata, uwar yarinyar nan da ta rantse 'yarta ba za ta taka titi ba ranar Alhamis. Ita ce ma ta fi kowa iya tsayar da tanka. Nawa ƙullin yana nan a tsakiya, ya yi baƙi ƙirin, har yanzu a karkace. Mai shi tana aji shida, an ba ta wutsiya ta ce ba ta so, nata ya ishe ta. Ta ce in ta gama kada wanda ya kwance sai ni, in kuma ƙulla wani sabo, don ƙanenta da Kaka ta yi wa wanka ya isa shiga aji ɗaya, kuma irin karkataccen nan yake so.